Kifin da Muka Sa Kusa da Karfasa

Da a ce ɗaya katin na miƙa wa direban nan, da ubanku ya ƙara damina nawa a duniya? Ko kuwa da ko yini ɗaya bai ƙaru ba, sai dai ya ƙarasa abin da ya rage masa a kwance, bakinsa a rufe? Na san abin da malamai za su ce, cewa kwanan mutum a ƙidaye yake, kuma na yarda da su. Amma na yi wannan tambaya a kan sallaya, na yi ta a bakin murhun banda, na yi ta ina tsefe kan jikokina, har yau zuciyata ba ta ba ni amsa ba. Balaraba, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana don ta yi kyau. In kin ji na yi shiru ki dakata, kuka nake yi, zai wuce.

Abin da kuka sani, ku 'ya'yana, shi ne a birnin Guangzhou na ƙasar Sin uwarku ta rikita kati biyu saboda ba ta iya karatu ba, ta kai ubanku kasuwar kifi a ranar da ya kamata ta kai shi asibiti. Haka kuka ji, haka kuke gaya wa 'ya'yanku, wasunku da tausayi, wasunku da ɗan haushin da ba ku taɓa furtawa a gabana ba. To, ban rikita komai ba. Ina sane na miƙa katin da na miƙa. Na bar ku a kan wancan zance shekaru da yawa, yanzu kuma ba na son in tafi da shi kabari.

Sai na ɗan koma baya, don ƙananan cikinku su gane. Ni 'yar manoma ce, daga wani ƙauye da ko rafi ba mu da shi sai rijiya. Da aka kawo ni gidan Sarkawa masunta a Yawuri ban san bambancin tarwaɗa da ramboshi ba, shi ya sa dangin ubanku suka laƙaba mini 'Yar-tudu. Su da raini suke faɗa, shi kuma ya ɗauke sunan ya mai da shi nasa, har ya zama in wani ya kira ni da shi sai in ji kamar an saka mini zanen da ba nawa ba. A gidan nan akwai abin da suke kira ƙidayar ruwa. Sunayen kifayen kogi ne gaba ɗaya, kowanne da gidansa da danginsa, da alamar da ake gane shi, da inda yake kwana, da watan da yake ƙwai don a ƙyale shi. Ba tsafi ba ne, sani ne kawai, amma suna riƙe da shi da ƙa'ida: uba ne ke ba ɗansa namiji, a cikin jirgi, a kan ruwa, ba a tudu ba. Mace ba ta ji. Mu namu wuƙa da itace da hayaƙi. Shekara arba'in ina feɗe kifin da ubanku ya kamo, ban taɓa tambayarsa ko gida ɗaya ba.

Ku maza kuwa babu wanda ya zauna a jirgi. Ban ce kun yi laifi ba, ruwa ya ja baya, kifi ya ragu, kowa ya nemi abincinsa inda ya gani. Yayanku, ɗana na fari da ba na faɗin sunansa, shi ne ya yi nisa, ya kama sayen jakunkuna a ƙasar Sin yana turowa Kano. Ubanku bai taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai na sha ganinsa da yamma yana ɗinkin koma, leɓɓansa na motsi, ba tasbihi yake yi ba. Ƙidayar yake maimaita wa kansa don kada ta zube.

Da ciwon hanta ya kama shi, aka yi na gida aka yi na Sakkwato ba a dace ba, sai yayanku ya ce a kawo masa shi. Ni aka haɗa da shi saboda ba ya cin girkin kowa. Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi manyan wasannin duniya ce. A wani birni can arewa ake yin su, amma ko'ina ka duba a Guangzhou sai tutoci da zobban nan biyar na alamar wasannin, 'yan sanda kuma na tare baƙaƙen fata suna duba takardu, ana ta cewa bana ba a sabunta wa kowa biza. Mun sauka a wani ɗaki a hawa na tara kusa da babban titin Huanshi Lu. Zafi da gumi kamar cikin tukunya. Maƙwabcinmu wani Bamaraɗe ne mai suna Isuhu, magidanci mai sayen tufafi a kasuwar Shahe, ya daɗe a can har yana jin Sinanci. Da ya ji ubanku asalinsa Kabi ne, shi kuma tushensa Bakatsine ne, shi ke nan wasa ya tashi. Kullum da safe zai leƙo ya tambayi yadda bawansa ya kwana, ubanku kuma ya ce a gaya wa yaron gidansa ya zo ya ɗauki buta.

Magani kashi huɗu aka tsara, wato zuwa huɗu, ana sa masa ta jijiya. Likitan bai ɓoye mana ba, ta bakin Isuhu ya ce wannan ba ya warkarwa, yana dai iya jan lokaci. Duk zuwa ɗaya sai ubanku ya yi kwanaki a kwance kamar tsumma, ko sunana ba ya iya kira. In ya farfaɗo sai likita ya ce ya riƙa tattaki. A wajen tattakin nan ne muka haɗu da kifin.

Wani gidan abinci ne na Sinawa, ba ma cin abincinsu, amma gabansa duk gilashi ne, cike da ruwa, kifaye na yawo a ciki ana gani daga titi. A tanki mafi girma akwai wani guda ɗaya shi kaɗai. Ya kai tsawon hannuna tun daga kafaɗa, faɗinsa kamar faifai biyu. Launinsa kore ne mai shiga shuɗi, fuskarsa da zane-zane kamar an yi masa lalle da tsinke, leɓɓansa kauri kamar na raƙumi, goshinsa kuma ya yi tozo. Bayan kowane ido akwai baƙin layi biyu, sai ka ce kwalli ne ya zarce. Idon nan kowanne juyawarsa daban, ɗaya na kallonka ɗaya na kallon wani wuri. Ubanku ya tsaya cak. Mutumin da in yaro ya kawo masa ƙashin kifi daga bola zai faɗi sunansa da gidansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni a hankali:

"'Yar-tudu, ban san wannan ba."

Ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba. Kuma ba da baƙin ciki ya faɗe ta ba. Fuskarsa ta yi haske kamar ta wanda aka yi wa albishir.

Washegari ya tasa Isuhu gaba muka koma. Mai kula da tankunan wani tsoho ne siriri da takalman roba, ana ce masa Liyan. Ubanku ya yi masa nihau, gaisuwarsu, yadda ya ji ana yi, ya kira shi lauban, tsohon ya yi dariya ya ce shi ba maigida ba ne, mai wanke tanki ne. Ya bar mu muka shiga ta baya. Ubanku ya tsoma yatsa a ruwan ya kai baki, don haka yake yi wa kowane ruwa, sai na ga ransa ya ɓaci. Ya tofar, ya juya wajen Isuhu yana faɗa, wai a tambayi mutumin nan wane irin rashin imani ne wannan, a zuba wa kifi gishiri tun yana da rai, ba za a jira a yanka shi ba? Ya ce shi ya kashe kifin da ba zai ƙirgu ba, amma bai taɓa jiƙa mai rai a ruwan miya ba. Isuhu ya riƙe ciki yana dariya har ya kasa fassarawa.

"Baba, ashe sarkin ruwan namu bai wuce gulbi ba? Wanga ruwan teku ne. In ka sa shi cikin ruwanku na Yawuri, kahin la'asar ya mace."

Ubanku ya san akwai teku, ya kuma ji ana cewa da gishiri, amma a zatonsa irin ɗan zartsin wasu rijiyoyi ne. Ya sake ɗanɗanawa. Sannan ya cire hularsa ya ba tsoho Liyan haƙuri. Daga ranar suka zama abokai. Shi ma tsohon masunci ne daga wani tsibiri a kudu, ya kuma yi aiki shekaru tare da malaman da ke nazarin kifi, yana ɗaukar musu kaya yana sauraro.

Duk ranar da ubanku ke da ƙarfi muna can, Isuhu na tsakiya yana juya magana yana ƙara tasa. Tsohon ya ce su da yarensu sume suke kiran kifin, saboda layin nan na bayan ido mai kama da gira. Ya ce a cikin duwatsun murjani yake zama, yana da kogon da yake komawa ya kwana, yana kai shekara talatin in an bar shi, kuma ba ya saurin girma balle haihuwa, shi ya sa ya yi ƙaranci har aka sa doka a kan kamunsa. Wannan ma ba na sayarwa ba ne, duk wanda ya taya sai a ce masa meyo, wato babu. Ubanku ya lura ba da wutsiya yake tafiya ba, da fukafukan gefe yake tuƙi kamar mai filafili biyu. Sai tsohon ya faɗi abin da ya sa na rufe fuska da mayafi: wai yawancinsu mata ake haifarsu, sai sun manyanta wasu su juye su zama maza, tozon ya ƙaru, launin ya ƙara shuɗi. Wannan da muke kallo ma da mace ce. Ubanku ya ce Isuhu ne ya ƙara gishiri, Isuhu ya rantse, ya kuma ce to ai ga dama ta samu, Baba ya daure ya manyanta ko ya juye ya zama Bakatsine. Ubanku ya ce gara ya juye ya zama kwaɗo.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne gidan kifin. A ƙidayarsu babu kifin da ba shi da dangi. Ya duba ɓawonsa manya-manya, ya duba ƙayar bayansa da ta tafi a haɗe tun daga wuya, ya duba zaren gefensa da ya katse a tsakiya ya ci gaba daga ƙasa. Ya ce duk waɗannan ya san su a wani wuri, amma girman da launin sun ruɗe shi. Rannan muna tsaye aka jefa wa kifin kaguwa. Ya zuƙe ta ɗungurungum, bakinsa a rufe, amma sai muka ji ƙurus-ƙurus daga can cikin wuyansa, ɓawon kaguwar na fitowa ta kunnuwa. Ban san lokacin da magana ta kuɓuce mini ba, a gaban maza uku. Na ce ai wannan dutsen niƙa gare shi a maƙogwaro, irin na karfasa.

Ubanku ya juyo ya dube ni kamar yau aka kawo ni gidansa. Ya tambaye ni wane dutse. Na ce wanda ke can bayan harshe, mai kusurwa uku, na ƙasa a haɗe yake guda ɗaya, ba biyu ba kamar na sauran kifi, shi ne ke dakushe mini wuƙa in na zo cire kunnuwa. Su maza a ruwa suke ganin kifi, da rai, daga waje. Ni kuwa ta ciki na san shi.

Abin mamaki, karfasa tana nan cike da kasuwannin Guangzhou, a tafki suke kiwonta, har kifin Afirka suke ce mata. Tsoho Liyan ya shiga kicin ya ɗauko guda, ya miƙo mini wuƙa. Na feɗe ta, na zaro ƙashin na ɗora a tafin ubanku. Tsohon ya tafa hannu, ya je ya ɗauko wani tsohon littafi mai hotuna da ya kumbura don ruwa. Ya buɗe wajen sume da danginsa, shafi bayan shafi, ya ce ɗaruruwa ne, daga mai tsawon yatsa har wanda ya fi mutum. Sannan ya juya 'yan shafuka kaɗan, sai ga karfasa. Ya ce masu littafin sun zaunar da gidajen biyu a unguwa ɗaya, kuma saboda wannan ƙashi suka yi haka. Amma ya ji malamai na baya-bayan nan na jayayya, suna cewa kama ce kawai, kowane gida shi ya ƙera nasa dutsen niƙan, ba gadon kaka ɗaya ba ne. Ubanku ya ji daɗin jayayyar fiye da yardar. Ya ce shi ma yana da shakka, don karfasa ƙofar hanci ɗaya gare ta a kowane gefe, wannan kuwa biyu ne, kuma karfasa a baki take goyon 'ya'yanta, wannan kuwa tsohon ya ce watsa ƙwansa yake yi ruwa ya tafi da shi. Ya ce ba zai yanke hukunci a kan mutum ɗaya ba, sai ya ga dangi.

Tsohon ya ce akwai babbar kasuwar kifi a bakin kogi, inda ƙananan dangin sume ke zuwa da rai ana sayarwa, kuma shi ranar Laraba da safe yake zuwa sayo wa gidan abincin kaya. Ya rubuta wurin a bayan wani kati ya ba ni. Laraba kuwa ita ce ranar magani na huɗu. Jumma'a bizarmu ke ƙarewa, an nemi ƙari an hana.

Ranar Larabar yayanku dole ya tafi garin Shiling wajen masu jakunkuna da sassafe, ana rufe masa kwantena, in bai je ba kayan wata uku sun kwana. Isuhu ma yana Shahe. Sau uku na riga na raka ubanku asibitin, na san ƙofa na san bene, don haka yayanku ya ba ni katin asibiti ya ce in miƙa wa mai tasi kawai. Na shafa jan goro a kusurwarsa na ɗaure a bakin zane na dama. Na tsoho Liyan yana hagu, kuma ko a cikin duhu ba zan ɓata shi ba, don ƙarni yake yi. Muka sauko muka tsaya a bakin titi. Ubanku ya sa babbar rigarsa, wadda ta yi masa yawa yanzu. Bai roƙe ni ba, bai umarce ni ba. Da motar ta tsaya, abin da ya ce kawai shi ne:

"Katin na hannunki."

Na tsaya da hannu a ƙofar mota. Na san in na kwance dama, za a ɗauke shi zuwa jirgin sama a keken marasa lafiya, ya isa gida bai san inda yake ba, wataƙila ya ƙara watanni, wataƙila bai ƙara ba. Na kuma san tun da ciwon nan ya kama shi ban ga yana ɗokin wayewar gari ba sai a makonnin nan. Direba ya yi ham. Na ce bismilla na kwance hagu.

Kasuwar nan ƙasa duk ruwa, robobi da tankuna jere har inda ido ya tsaya, iska na ɓulɓula a cikinsu. Tsoho Liyan ya gan mu ya ɗaga hannu. Babu mai fassara, kuma ba a buƙace shi ba. Tsofaffin nan biyu suka riƙa bin layi suna nuna wa juna da yatsa. Ga wani kore mai haƙora a waje kamar na gafiya, ga wani ja mai ɗigo-ɗigo, ga wani da tsohon ya tono daga cikin yashin tanki, ya kwantar da kai a tafin hannu ya nuna mana wai a nan yake barci. A wajen masu kifin ado muka ga wani ɗan siriri mai baƙin layi yana shiga bakin wani ƙaton kifi yana tsince masa ƙwari, ƙaton ya hangame baki bai haɗiye shi ba. Tsohon ya nuna shi, ya zana tozo a goshinsa, wato shi ma ɗan gidan ne. Ubanku ya yi dariya har da tari, ya ce ashe gidan har da wanzami. Duk wanda ya mutu a robar masu sayarwa sai tsohon ya karɓo ya miƙo mini, in sa yatsa a maƙogwaro, in ce akwai ko babu. Ubanku na duba leɓe da ƙaya da yadda suke tuƙi, yana tambayata, ina ba shi amsa. Ban taɓa yin aiki kafaɗa da kafaɗa da shi ba sai ranar.

Da ya gaji muka fito bakin kogin. Akwai jirgin fito mai inji da ke kai mutane ƙetare da kekunansu. Ya ce mu shiga. Muka zauna a benci na baya, jirgi ya tashi, ya leƙa ya ga ruwa ta kowane gefe. Sai ya gyara zama ya ce:

"Kakana ya ce a jirgi, a kan ruwa. To ga jirgi, ga ruwa. Saura ya ce ɗa namiji. Wannan ni zan amsa shi in na je inda yake. Buɗe kunnenki, 'Yar-tudu. Gidan farko, masu gashin baki."

Ya fara daga tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa da kurungu, har minjiriya mai girgiza hannu. Ina maimaitawa hawaye na zuba, yana cewa in bar kuka ina haɗiye sunaye. Jirgi ya kai ƙetare ba mu sauka ba. Ya dawo ba mu sauka ba. Mai karɓar kuɗin shiga ya zo ya yi ta magana, na ce masa shiye-shiye, wato na gode, na cika masa hannu da tsabobi, ya girgiza kai ya ƙyale mu. Ban san sau nawa muka ƙetare kogin nan ba. Mun yi azahar a zaune. Ya ba ni gidan tsage da kawara, ya ba ni gaiwa da ke kwana cikin laka, ya ba ni giwan ruwa da yauni, kowanne da watan da ake ɗaga masa ƙafa. Wurare biyu na gyara masa, a kan abin da ke cikin ciki, ya karɓa.

Da la'asar muka koma masauki muka tarar da yayanku a bakin ƙofa, idonsa jawur. An kira shi daga asibiti, ya bar kayansa ya zaga gari yana nemanmu. Ya ga katin da ke hannuna ya karɓa ya duba. Ya dafe kai ya ce shi ne da laifi, da ya bar wa wadda ba ta karatu kati biyu. Ubanku ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Na ga yadda ran yaron ke tafasa, na kuma san kwana biyu suka rage masa da ubansa a duniya, don shi ba zai iya biyo mu ba. Na ce a raina gara ya ɗauke ni jahila da ya yi sallama da ubansa cikin fushi. Asibiti suka ce babu wuri sai mako mai zuwa. Jumma'a muka taso.

Ɗana, in Balaraba ta karanta maka wannan, ka yafe mini. Ka sha wahala a kan ubanka, ka kuma ɗauki laifin da ba naka ba ka riƙe shekaru. Ba kai ka yi sake ba. Ni na zaɓa, kuma ko yau aka mai da ni bakin titin nan ban san ko zan kwance dama ba.

Kun san sauran. Baffanninku sun yi fushi da suka ji ƙidaya na bakin mace, wani ya daina amsa gaisuwata har shekara biyu. Amma bara shi da kansa ya zo da wani kifi a ƙwarya, wanda aka daɗe ba a gani ba, ya zauna a ƙofar ɗakina ya yi ta zancen ruwan sama kafin ya tura mini ƙwaryar da ƙafa. Na faɗa masa sunan da gidan. Yanzu ga Balaraba ta cika littafi guda da su, kuma duk mai so, mace ko namiji, a tudu ko a ruwa, ya zo ya karanta. Isuhu ma, Allah ya saka masa, ya aiko da saƙo bayan wasu shekaru cewa bawansa ya huta amma abokin bawansa na nan a tanki, tozo ya ƙaru.

Kwana arba'in da 'yan kai ubanku ya yi a gida, a kan ƙafarsa mafi yawansu, bakinsa a buɗe. Kowace safiya sai ya sa in maimaita masa. Ranar ƙarshe da hantsi ne, an shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfar banda don ya ce yana son ƙanshin hayaƙin. Na zauna wajen kansa ina faɗa, idonsa a rufe, yana ɗaga yatsa a kowane gida. Da na gama gidan karfasa zan wuce, sai ya kama bakin zanena. Na sunkuya, don muryar ta yi ƙasa ƙwarai.

"Kin tsallake baƙonmu, 'Yar-tudu. Sa shi kusa da karfasa. Amma ki bar 'yar rata a tsakani, wani zai zo ya fi mu sani."